Batun autanku da karatun tattalin arziki

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Fatakwal, ya fama da ruwan da ba ya ɗaukewa? Ya uwargida da yara? Mu nan Gombe lafiya lau sai zafi, su Hajiya duk suna gaishe ka.

Na ji saƙonka kan autanku da ya dage sai ikonomiks zai cike a JAMB, wai shi ma so yake ya zama gwamnan Babban Banki. To ba laifi, ai Sanusi Lamido Sanusi ma ikonomiks ɗin ya karanta a ABU Zariya kuma ya riƙe kujerar daga 2009 zuwa 2014. Amma kafin komai ka tambaye shi tsakaninsa da Allah, ya yake da lissafi? Don wallahi abin da ya yaudare mu ke nan, mun shiga muna zaton irin na sakandare ne, a zana layin buƙata da na wadata a tashi, aji ɗaya ka ji daɗi, aji biyu ƙididdiga da kalkulas su fara leƙowa, kana shiga aji uku a kawo maka ikonometriks, wato auna tattalin arziki da lissafi da ƙididdiga, nan ne za ka ga ƙato da gemu yana zufa a gaban allon sakamako. Ni kaina sai da na maimaita kwas ɗin, ban taɓa gaya maka ba ne kawai.

Digirin farko shekara 4 ne a takarda. Ka dai san yajin aikin ASUU na 2022 wata 8 ya ci. Sai bautar ƙasa, sai mastas wajen shekara 2, digirin digirgir kuma ba ya kasa 3. Ni ga ni a shekara ta biyar a digirin digirgir ɗin, babi na uku ya kwana wata shida a but ɗin motar sufabaizana, malamin da ke duba bincikena, da ya dawo min da shi har da tabon manja a bango. Wurin karatu kam ba sai ya yi nisa ba, ga jami'ar jiha nan Tudun Wada tun 2004, ga ta tarayya a Kashere tun 2011.

Bincikena a kan farashin masara da wake ne, yadda yake faɗuwa da kaka ya tashi da bazara. Ran nan na shiga Tudun Hatsi da takardun tambayoyi, na samu wani dattijo dillali zaune kan buhu yana tauna goro. Na ce Baba me ke sa farashi ya tashi? Ya dube ni ya dubi takardar ya ce ɗan nan ajiye biron tukuna. Ya fara lissafo min kuɗin mota daga ƙauye, na 'yan dako, hayar sito, maganin ƙwari, la'ada, har ramewar da buhu ke yi in ya bushe, ya ce in tirelolin kudu suka kwana biyu ba su shigo ba da safe ma za ka gani a mudu. Abin da na yi sati uku ina fama da shi a Stata, manhajar ƙididdiga ta kwamfuta, mutumin nan ya ƙare shi kafin goronsa ya ƙare. Amma da na tambaye shi me ya karya masu ɓoye hatsi a 2025, sai ya ce kaya ne suka yi yawa kawai. Nan na ɗan samu bakin magana, na ce ai tun Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150, ga cire tallafin mai na 29 ga Mayu 2023 da ya riga ya tsotse aljihun masu saye. Ya yi shiru, can ya ce ashe bokon naku na da rana.

Ni shawarata a bar yaron ya yi, amma ya riƙe lissafi da kwamfuta tun yanzu, hutu kuma ya riƙa zama a shagon kawunku. Kada kuma ya sa ran aikin banki na jiransa a bakin get, cikin 'yan ajinmu masu POS sun fi masu taye yawa.

Ka ce ya zo ya same ni ranar Asabar bayan la'asar da sakamakon WAEC ɗinsa. In za ka taho da Sallah kuma ka riƙo min manja, mai kyau, ba irin na motar malam ba.

Naka,
abokinka na benci ɗaya