Ya Kulle Bel Ɗin Injina, Ga Zubi Ranar Laraba

Assalamu alaikum Hajiya, barka da aiki. Don Allah a sakaya sunana, matan unguwarmu ba sa wuce shirin nan.

Jiya da daddare maigidana ya cire bel ɗin injin markaɗena ya kulle a ɗakinsa. Da safe yara suka yi ta sallama da robobin wake da tattasai, ina mayar da su kamar mara gaskiya. Ga zubinmu ranar Laraba.

Shekara 11 da aurenmu, ko kuɗin omo sai na roƙa. Wata maƙwabciyata ce ta shigar da ni ƙungiya, mu goma, muka karɓi rance a bankin ƙananan masu sana'a. Ba sa neman takardar fili, junanmu ne jingina, in ɗaya ta gaza sauran su biya mata. Naira 80,000 na fara karɓa, kuma da izininsa, shi ma ya raka ni kasuwar Sabon Gari muka zaɓo injin. Ko da aka cire tallafin mai a 2023, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500, ban tsallake sati ɗaya ba.

Ni da ko a gidan suna ba na iya buɗe baki, yau ni ke riƙe da littafin ƙungiya. Abin da ya tsone masa ido ke nan, shi da yayarsa da ke zuga shi wai na fi ƙarfinsa. E, na ce masa "kuɗina ne", a gaban yara ma, ban musa ba. Amma 20,000 ya ara, wata huɗu shiru, tambaya kawai na yi. Af, rancen bankin da nake biya yanzu na uku ne, na firiza.

Yanzu wai kuɗin ruwa haramun ne. Da yake cin shinkafar azumi bai tuna ba? Amma maganar ta hana ni barci, ba na son ciyar da 'ya'yana haram.

In ban kai zubin ba, mata tara za su biya min, da wane ido zan kalle su? In sayi wani bel ɗin a ɓoye, ko in kai ƙara wurin kawuna? Shi kuma na san cewa zai yi in yi haƙuri.

Taku a kullum, daga Kano.