Wasiƙa: Sarauniyar Ingila da Aka Auro Daga Kastila

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ka ce in riƙa rubuto maka abin da nake karantawa, tunda waya ba ta barinmu doguwar hira. To, ga wata mata da ta tsaya mini a rai: Eleanor ta Kastila, wata masarauta a ƙasar Sifen ta yau, matar Sarki Edward na Ɗaya na Ingila.

Ka san Ƙurɗuba da Ishbiliya na Andalus. Mahaifinta, Sarki Fernando na Uku, shi ya ƙwace su daga hannun Musulmi, ɗaya a 1236, ɗayar a 1248. Ita kuwa an haife ta wajen 1241. Aurenta na sulhu ne tsantsa. Yayanta Alfonso na Goma, wanda suke uba ɗaya, yana cewa Gaskoni tasa ce, wato wani yanki a kudancin Faransa da ke hannun Ingila. Sai aka kashe rigimar da aure a birnin Burgos a 1254. Amarya na da shekara kamar 13, ango 15.

Abin mamaki, auren haɗin nan ya zama na ƙauna. Duk inda Edward ya sa ƙafa, tana biye. Da ya tafi yaƙin 'yan Salibiyya a 1270, ba ta zauna jira ba, har birnin Akka na ƙasar Falasɗinu ta bi shi, can ma ta haifi 'yarsu Joan a 1272. A shekarar ne wani ya daɓa wa Edward wuƙa da ake zaton mai dafi ce, kuma ana ba da labarin wai ita ta tsotse dafin da bakinta. Wannan ƙarin gishiri ne na mutanen baya. An naɗa su sarki da sarauniya tare a Westminster, a Landan, a 1274.

Inda ta ba ni tausayi shi ne wajen haihuwa. Ta haihu aƙalla sau 14, amma 6 kaɗai suka girma, mata 5 da namiji ɗaya. Da a wajenmu ne, da an ce wabi take yi. Ɗanta John ya rasu, ƙaninsa Henry ya bi shi. Alfonso, mai sunan yayanta, har ya kai shekara 10, kowa ya sa rai shi zai gaji sarauta, sai ya rasu a 1284. 'Yan watanni kafin nan ta haifi wani ɗa a Caernarfon, ƙasar Wales. Jaririn nan shi ya zama Edward na Biyu.

Amma kada tausayi ya rufe maka ido, domin mutanen ƙasar ba su so ta ba, kuma ina ganin suna da hujja. Ba baƙuntarta kaɗai ce ta jawo ba. Masu gonaki da yawa sun ci bashin Yahudawa da ruwa, sun jinginar da filayensu. Sarauniya ta riƙa karɓar takardun bashin, in mutum ya kasa biya, fili ya koma hannunta. Wakilanta kuma suka matsa wa talakawan da ke noma a filayen. Abin ya kai har babban limamin Canterbury, John Peckham, ya yi gargaɗi a kai. Ita ma da ta ji ajali ya matso, ta roƙi a binciki zaluncin da aka yi da sunanta, kuma bayan rasuwarta an yi binciken.

Ta rasu ranar 28 ga Nuwamba, 1290, a ƙauyen Harby kusa da Lincoln. Aka ɗauko gawar zuwa Landan, kuma duk zangon da ta kwana, Edward ya sa aka gina hasumiyar dutse mai gicciye, guda 12. Uku na nan tsaye har yau, a Geddington da Hardingstone da Waltham. Wadda ke gaban tashar jirgin ƙasa ta Charing Cross a Landan sabuwa ce, ginin ƙarni na 19. Edward bai sake aure ba sai 1299.

Ka gaishe mini da Baba, ka ce ina yi masa addu'ar samun sauƙi. Ka rubuto mini yadda daminar bana ta kasance.

Naka amini.