A Yi wa Jama'a Bayanin Dannau

Ya Edita,

Rahotonku kan matasan da dannau ke firgitawa, har iyaye na kashe kuɗi wajen masu magani, ya dame ni ƙwarai.

Tun 1953 masana a Jami'ar Chicago suka gano matakin barcin da aka fi yin mafarki a cikinsa. A wannan matakin barcin, ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. In ya farka jiki bai saku ba, sai ya ji an danne shi. Ƙarancin barci na ƙara jawo hakan, ga shi yaranmu suna raba dare kan waya.

Ba na cewa a bar addu'ar kwanciya. Roƙona, gidajen rediyon Kaduna su riƙa gayyato likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa su yi bayani da Hausa.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Tudun Wada, Kaduna