Ba Kowane "Impeach" Ba Ne Tsigewa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ƙorafina a kan masu fassara mana labaran ƙasashen waje ne, waɗanda da sun ga kalmar "impeach" sai su rubuta "tsigewa", alhali a Amurka "impeach" daban, "remove" daban.

A can, "impeach" tuhuma ce kawai. Majalisar Wakilai ke yin ta da ƙaramin rinjaye, sannan a miƙa wa Majalisar Dattawa ta zauna kamar kotu. Sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun ce wanda ake tuhuma ya aikata laifin kafin a kai ga "remove", wato a raba shi da kujerar. An tuhumi shugaba Andrew Johnson a 1868, ya sha da ƙuri'a ɗaya tak. An tuhumi Bill Clinton a 1998, ya ƙarasa wa'adinsa. Donald Trump kuwa sau biyu, a Disamban 2019 da Janairun 2021, kuma duk Dattawa ba su kama shi ba. Har yau babu shugaban Amurka da aka sauke ta wannan hanya. Richard Nixon murabus ya yi a 1974 tun kafin a kaɗa ƙuri'ar. To yaya mai sauraro zai ji an ce "an tsige Trump", gobe kuma ya ji shi yana jawabi daga Fadar White House? Ai sai ya ɗauka ƙarya ake sharara masa.

Na san inda gizo ke saƙar. A Turancin Najeriya, in an ce gwamna ya sha "impeachment", to ya tafi ke nan, kamar yadda 'yan jam'iyyar NPN a majalisar Kaduna suka yi wa Balarabe Musa na PRP a watan Yunin 1981. Majalisar jiha ɗaya ce, ita ke kawo zargi, ita ke yanke hukunci bayan rahoton kwamitin bincike. A nan "tsigewa" ta zauna daram.

Amma don Allah a riƙa duba ƙasar da labarin ya fito. A Koriya ta Kudu ma majalisa ta tuhumi shugaban ƙasar, Yoon Suk Yeol, a Disamban 2024, aka dakatar da shi, sai a Afrilun 2025 Kotun Tsarin Mulki ta tsige shi. Wata kusan huɗu ne tsakani, kuma a watannin nan "shugaban da aka dakatar" ya dace a kira shi.

Na gode.

Mai bibiyar labaranku,
daga Zariya