Saura kwana uku, barci ya gagara

Kolombus, jihar Ohayo
Laraba, 26 ga Nuwamba, 2025

Sani mutumina,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya amarya, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara sauƙi. Wata biyu ko gaisuwa babu, na sani, kar ka ce komai. Ka tambaye ni ko zan zo bikin Nafi'u, zan dawo kan wannan.

Ni dai yau kwana biyu ke nan barci ya ƙaurace mini. Ranar Asabar mu 'yan Jami'ar Jihar Ohayo za mu kara da Jami'ar Mishigan a wasan ƙwallon Amurka, a gidansu, Ann Arbor. E, "mu" na ce, yi dariyarka, Bazazzagi kawai. Ni da na rantse maka ba zan taɓa kallon ƙwallon da ake runguma a ƙirji ana gudu da ita kamar an saci kaza ba, ga ni da jar riga har da hula.

Ba za ka gane ba sai ka ga garin nan a wannan mako. Ɗalibai sun bi duk allon da ke jami'a sun liƙe harafin M da jan salatif. Sunan Mishigan ma ba a kama shi, sai dai a ce "waccan ƙungiyar ta arewa". Shekaranjiya na dawo daga laburare na tarar an liƙe harafin farko na sunana a ƙofar ɗaki. Tun 1897 suke wannan gaba, ni kuma da na zo jiya jiya na ɗauke ta a ka.

A takarda ai mun gama cin wasan. Mun buga 11 mun ci 11, mu ne na ɗaya a ƙasar, kuma duk kakar nan babu wanda ya ci mu fiye da maki 16. Mai jefa mana ƙwallo, Julian Sayin, hannunsa kamar an auna da ma'auni. Nasu kuwa, Bryce Underwood, bana ya shigo jami'a, kuma sau biyu aka doke su. To amma bara ma haka muka ce. Ina cikin filin ranar, mu sama da dubu ɗari, sanyi na yankan kunne, kowa na lissafin da maki nawa za mu lallasa su. Mai bugun ƙafarmu ya ɓarar da bugu biyu, suka ci 13 da 10. Suka zo kafa tutarsu a tsakiyar filinmu, dambe ya kaure, sai da 'yan sanda suka fesa barkonon tsohuwa. Karo huɗu a jere ke nan. Rabonmu da cin su tun 2019, kafin a haifi Ummi taka.

Abin da zai ba ka mamaki, a Janairu muka doke Jami'ar Notre Dame muka ɗauki kofin ƙasa baki ɗaya, amma har yau akwai masu hararar kocinmu Ryan Day. Wani dattijo a motar bas ya ce mini da a ba shi kofin, gara a ba shi Mishigan. Na yi dariya a lokacin. Yanzu na daina.

Af, gaskiya ne Bala ya sayar da Vespa ɗin ya shiga harkar POS? Wa ya ba shi jari? Mutumin da canjin shayi ma ke rikita shi!

Abin da ke cin raina Jeremiah Smith ne, mai cafke ƙwallon nan da na turo maka bidiyonsa. Bai buga wasanmu da Jami'ar Rutgers ba saboda rauni. In ya fito lafiya, na ce mu 24 su 13. A baki ke nan. Cikina kuwa wanda maciji ya sara ne, ko tsumma na gani sai na zabura.

Kuɗin tikiti ya fi ƙarfin ɗalibi, don haka a gidan abincin wani Basomale za mu kalla, ni da Awudu ɗan Kumasi, wanda ya koma goyon bayan Mishigan don kawai ya ƙular da ni. Ƙarfe 12 na rana za a take a nan, 6 na yamma ke nan a wajenku. In ka ji shiru bayan isha'i, kar ka kira.

In ka sami mai tahowa, a ba shi yajin Hajiya, na baya ya ƙare tun Satumba. Ka gaida Nafi'u da 'yan majalisa.

Naka,
ansur (harafin farko sai bayan Asabar)