Majalisar Birtaniya ba da sauraron talaka ta fara ba

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani abu da nake yawan ji a bakin mutane, wai majalisar Birtaniya tun asali uwa ce mai jin kukan talaka, kawai ka rubuta takardar koke ka kai su duba maka. Wallahi duk wanda ya bi tarihinta a lokacin da masana'antu suka bunƙasa ya san ba haka abin ya kasance ba.

A duba watan Mayu na 1842. Ma'aikatan masaƙu da masu haƙar kwal da sauran leburori, waɗanda ake kira 'yan Chartist, masu fafutukar a ba kowane namiji baligi ƙuri'a a kuma gyara tsarin zaɓe, sun tara sa hannu sama da miliyan 3.3, takardar ta yi girman da sai da ƙarti suka ɗauko ta a kan katako suka ratsa titunan Landan da ita, da aka zo ƙofar majalisar wakilai ta ƙi shiga, dole aka rarraba ta kashi-kashi aka jibge a ƙasa a gaban 'yan majalisa. To me suka roƙa a ranar? Thomas Duncombe, ɗan majalisar da ya gabatar da ita, cewa ya yi a bar wakilansu su shigo su yi bayani da bakinsu, shi ke nan fa. Aka kaɗa ƙuri'a, mutum 287 suka ce a'a, 49 suka ce e. Kafin nan ma a 1839 sun kawo wata mai sa hannu kusan miliyan 1.3, ita ma aka yi watsi da ita 235 da 46. Kuma a wannan tsakanin ne majalisar ta toshe hanyar yin muhawara a kan koke, ɗan majalisa ya miƙe ya faɗi daga ina takardar ta fito da yawan masu sa hannu da abin da suke so, ya zauna, a tura wa kwamiti ya ƙirga ya rubuta a littafi.

Abin da ya fi ci min rai shi ne akwai wani irin koken da ba ya shan wannan wahala. Kamfanin da ke son shimfiɗa layin dogo shi ma da takardar koke yake fara neman a yi masa doka tasa ta kansa, amma shi yana zuwa da lauyoyi da injiniyoyi, a kafa masa kwamiti a zauna a saurare shi kwana da kwanaki, ga shi 'yan majalisar da yawa suna da hannun jari a harkar. A shekarar 1846 kaɗai dokokin layin dogo 272 aka zartar. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi ke nan. Kuma ba abin mamaki ba ne tunda ko bayan gyaran dokar zaɓe na 1832 kusan namiji ɗaya cikin biyar ne ke da ƙuri'a a Ingila, wanda ba ya zaɓenka ai ba ka jin tsoronsa.

Ban ce ba a yi komai ba. Dokar masana'antu ta 1833 ta hana sa yaran da ba su kai shekara 9 ba aiki a masaƙa, sai dai sufeto 4 kacal aka naɗa wa ƙasar gaba ɗaya, ka ji fa. A 1842 wani ɗan majalisa, Lord Ashley, ya tsaya kai da fata har aka hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin kwal, bayan rahoton bincike ya fito da hotunan zane na yara suna jan amalanken kwal da rarrafe, an ɗaura musu sarƙa a ƙugu. A 1847 aka taƙaita aikin mata da matasa a masaƙa zuwa awa 10. Galibin waɗannan sai da aka yi shekaru ana koke ana taro ana yajin aiki, tausayi kaɗai bai kawo su ba.

A 1848 da 'yan Chartist suka dawo da takardar koke karo na uku, akawunan majalisa suka ce sa hannun bai kai miliyan 2 ba alhali an yi iƙirarin sama da miliyan 5, kuma an samu sunayen bogi har da na Sarauniya Biktoriya, sai aka mai da maganar abin dariya, kamar mutum miliyan 1.9 ba mutane ba ne. Amma cikin buƙatunsu shida, biyar sun zama doka daga baya, an cire sharaɗin mallakar dukiya ga ɗan takara a 1858, ƙuri'ar sirri ta zo a 1872, gyaran mazaɓu a 1885, albashin 'yan majalisa a 1911, ƙuri'a ga maza baligai kuwa sai 1918, shekara 76 bayan takardar 1842. Ta shida, wato zaɓe duk shekara, har yau ba a ba da ita ba.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara basira.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.