Sirrin ƙamshin cuku yana wurin ƙwayoyin nono

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu kan cuku da kindirmo da muke saye kullum a kasuwar Maradi.

Jama'a da sun ji an ce bakteriya sai su tuna cuta, to ba duka ba ne wallahi. Irin su Lactococcus lactis da Lactobacillus su ne ke cin sukarin madara su maida shi tsami har ta yi kauri. Amma aikin da ya fi burge ni shi ne na baya, furotin ɗin madara ana daddatsa shi ya koma ƙananan amino asid, sannan wasu inzayim, wato sinadaran da ke narkar da abubuwa, da ke cikin ƙwayoyin, musamman aminotransferase, su sake farfasa su, daga nan ƙamshi yake tasowa. Cikin amino asid ɗin, methionine ke ba da warin nan mai kama da kibiritu a cukun Cheddar na Ingila, leucine kuma ƙamshi kamar na tsiron hatsi, shi ya sa Turawa ke zaɓen irin ƙwayar da za su zuba su bar cuku watanni yana nuna.

Namu kuwa shanya shi ake a rana nan da nan, ƙwayoyin ba su samun lokaci sosai, kuma kowace ƙwarya da irin nata. Ina roƙon malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo da INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, su ware ƙwayoyi masu kyau daga ƙoren Fulaninmu na wajen Dakoro, su raba wa mata masu sana'ar.

Naku mai karatu, daga Maradi.